Gaba Bakwai

Ran da muka fara haƙa a gonar Labbo,
bayan Bunza, inda tudu ke rusunawa ya gai da fadama,
babana Arzika yana ciki da dagi,
ni ina baki da igiya da tsohon bokiti.
Ya ce, "Kada ka gwamutsa su.
Kowace ƙasa da tsibinta, ba uwarsu ɗaya ba."

Ta fari baƙa ce, tana ƙamshin ruwan shuka,
ga saiwar harawa, ga tana tana mutsu-mutsu.
Kaurinta ko kamu bai kai ba.
"Ita ke riƙe da rumbunan garin nan,"
in ji muryar da ke fitowa daga rami.
"Ganyen gawo ne, da kashin shanu,
da karan bara da gara ta tauna.
Kafin kaurin yatsa guda ya taru
kakanka ya tsufa, kakan kakanka ya tsufa.
Amma bar ta tsirara, ba kara ba ciyawa,
ruwan dare ɗaya ya ishe shi kwashe ta."

Sai rairayi, fari, ba ya jin magana.
Na dunƙule shi, ya zube ta tsakanin yatsu.
Ruwa baƙo ne a gidansa, ba ya kwana.
Gero da gyaɗa kaɗai suka san halinsa,
suke zama da shi ba gunaguni.

A gaba na uku ta yi ja wur.
Na tsorata, na leƙa: "Baba, ka ji ciwo?"
Dariyarsa ta hau igiya ta same ni.
"Tsatsa ce, yaro. Ƙasa ma da ƙarfe a jikinta."

Kwana biyu muna fama da laka.
Ta kama dagi, ta kama ƙafa, ta ƙi sakin bokiti.
Marowaciya ce, ɗigo ba ya wuce ta,
don haka shinkafa ke bin ta har gindin gulbi.
Da rani kuwa sai ta tsage kamar dugadugin manomi.

Ranar Laraba bokiti ya fito da ƙara.
Tsakuwa ce, sumul, kamar ƙwan zabo,
da ɓawon katantanwa guda a tsakiya.
Na ce, wa ya goge su a cikin duhun nan?
"Gulbi. Nan ya taɓa kwanciya.
Bai san zama wuri ɗaya ba:
bana nan, bayan zamani can,
yana sauke kaya duk inda ya gaji.
Duwatsun Zamfara ne kake riƙe da su.
Rana ta gasa, sanyin dare ya tsaga,
ruwa ya mirgino su yana niƙa.
Duk shimfiɗar nan da idonka bai ga ƙarshenta ba
garin dutse ne, ambaliya ta baza."

A gaba na bakwai ya yi shiru.
Sai na ji tsul, tsul,
sai bokiti ya zo da sararin sama a ciki yana rawa.
Labbo ya shuka albasa a shekarar, har Jega aka kai.

Shekara ashirin ke nan.
Watan jiya muka haƙa wa Arzika nasa.
Ba zurfi, bai ko kai ga ja ba:
baƙa, sai rairayi, shi ke nan.
Mutane na sauri, rana na yi,
ni kuwa na tsaya ina ware tsibi biyu.
Da aka zo rufewa na ce a fara da farin.
Baƙar na bari a ƙarshe, na baje da tafin hannu,
don in damina ta sauka
wani abu ya tsiro.